Ranar da Illo Gyartai Ya Ɗinke Motar Kumandan

Illo ɗan kawuna ne, ni ɗiyar gwaggonsa, wato taubashina ne, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. Ya riga ni tafiya, Allah ya ji ƙansa. Amma ban ga dalilin da mutuwa za ta sa in ƙara masa tsawo ba. Gajere ne, ƙafafunsa a gwame, kansa ƙarami, sai kunnuwa biyu kamar an kafa masa faifai hagu da dama. Yana tsoron kare, yana tsoron raƙumi, yana tsoron matarsa Kaltume, kuma cikin ukun nan Kaltume ce kaɗai ta taɓa cizonsa.

Sana'arsa gyartai, ɗinkin ƙwarya. A zamanin da nake faɗi, ƙwarya ita ce kwano, ita ce bokiti, ita ce ma'auni, in ta tsage ba a yar da ita. Illo yakan ɗora jakarsa bisa jaki ya bi kasuwanni, daga Dogon Dutsi har Tibiri har Dumega, matan Fulani na jiransa da ƙoren nono kamar masu jiran boka. Abu biyu kawai ya iya a duniya: ƙwarya da gonarsa ta hatsi. Ban da su, ko igiyar akuya ya ɗaura sai ta kwance.

Yana da yadda yake aikinsa, kuma ba ya canzawa. Mai ƙwarya za ta zo tana nuna masa inda take yoyo, ba zai ko dube ta ba. Sai ya karɓa, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya kara a kunne. In bai gamsu ba ya cika ta da ruwa ya ɗaga sama, don yakan ce tsaga munafuka ce, ba ta buɗe baki sai an aza mata nauyi. In ya gano ta, zai gasa basilla a wuta ya fara huda can ƙarshen tsagar, don kada ta ci gaba da tafiya, sa'annan ya bi gefe da gefe da huji, ya ɗinke da zaren kaba. Daga ƙarshe ya cusa auduga cikin ɗinkin ya shafe da ƙaro. Ƙwaryar da Illo ya ɗinke, sai dai ta fashe a wani wurin.

Aibinsa baki. Ba ya iya jin abu mai tsaga ya yi shiru. Ya taɓa gaya wa makaɗin sarki a tsakiyar taro cewa gangarsa ta tsage. Ya gaya wa liman butarsa ba za ta kai azumi ba. Ranar bikin ɗiyar Ma'u maƙwabciyarmu ya ƙwanƙwasa randar amarya gaban dangin ango ya ce, “An cuce ku.” Duk gaskiya ya faɗa, kuma duk sai da ya sha zagi.

To, a shekarar da yaƙin Nasara ke ƙarewa, lokacin ana nan ana kwasar mutane aikin tilas, muna da wani kumandan da muke kira Mai Lofe, don ba a ganinsa ba tukunyar taba a baki. Yana da mota baƙa mai mataki a gefe. Ban da kamyo, manyan motocin kaya da ke wucewa jefi-jefi, ita kaɗai ce mota a garin. Direbanta Tukur, tsohon soja ne, a can ya koyo tuƙi da zagi da Faransanci. Ni kuwa a shekarun nan fura nake sayarwa a bakin biro, wato ofishin kumandan, ƙarƙashin itacen bedi, shi ya sa abin da ya faru a can ba labari aka ba ni ba.

Motar nan ta kamu da wata ƙara. In tana tsaye lafiya lau. In tana gangara lafiya lau. Amma da Tukur ya ba ta wuta, balle a hawa, sai ka ji kar-kar-kar-kar daga ƙarƙashinta, kamar an ɗaura mata caki a gindi. Mata suka sa mata suna 'Yar Bori. Kumandan zai fito rangadi da hularsa da lofensa, yana so a ji tsoro, sai a ji shi tun daga nesa yana tahowa kamar mai tallan gwangwani. Mutane na cire hula suna dariya cikin hular. Ya sani kuwa. Nasara ba ya jin Hausa, amma yana jin dariya.

Ba irin abin da ba a yi ba. Saboda yaƙi, ko noti ɗaya ba ya zuwa daga ƙasarsu. Aka aiko wani makaniki ɗan Dahome daga Doso, ya kwana biyu yana ɗaure duk abin da ke murɗuwa, ya tayar da ita a tsaye ya saurara bai ji komai ba, ya ce ta warke, ya koma. Washegari 'Yar Bori ta ci gaba da rawarta, har da ƙari. Tukur, da ya ga marin da yake sha ya yi yawa, ya tafi wurin malam a ɓoye aka yi rubutu, ya ɗura mata a inda ake zuba ruwa. Ta sha, ba ta ce komai ba. Ya tafi wurin masu iska, suka ce doguwa ce ta hau ta a wata tsamiya da ke hanyar Lugu, a yanka baƙar akuya. Aka yanka. Naman ya yi daɗi, ni ma an kawo mini tsoka biyu.

Ranar kasuwa motar ta bi ta gefen rumfuna, Tukur ya ba ta wuta don ya haye yashi, ta saki cakinta. Illo na zaune gindin gawo da ƙwarya tsakanin ƙafafu. Ya ɗaga kunne ɗaya, ya saurara, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

“Wagga ai tsaga ta. Da ƙwarya ce, da na ɗinke ta kahin la'asar.”

Akwai wani gardi, ɗan sandan kumandan ke nan, mai jan dara, sunansa Ɗantala, yana tsaye yana cin gyaɗar da bai saya ba. Ya ji. Kafin maganar ta isa biro ta yi ƙiba: wai gyartai ya ce motar gwamnati fasasshiyar ƙwarya ce, ya tara jama'a ana yi wa Faransa dariya.

Da azahar sai ga Illo an taso shi gaba, jakarsa a wuya, Kaltume na biye da tsohon ciki tana zaginsa tana kuka. Da ya zo daidai ni na ce, “Gwame, yau kuma randar wa ka ƙwanƙwasa?”

Ya ce, “Zalihatu, bar ni da masifarki, ta yau ta ishe ni.”

Mai Lofe ya fito baranda. Mahmuda tafinta na gefensa, mutum mai sanyin murya wanda ya san abin da ake faɗa wa Nasara da abin da ake haɗiyewa. Aka tambayi Illo ko ya faɗi maganar. Da mai hankali ne sai ya ce ƙarya ake masa. Illo ya ce, “Ban ce fasasshiya ba, ranka shi daɗe. Tsagagga na ce. Da bambanci.”

Nasara ya cire lofe ya dube shi tun daga kunne har ƙafa. Ya yi magana, Mahmuda ya juya: “Kumandan ya ce nan da kwana huɗu zai tahi Doso gaban manyansa, kuma ba shi son shiga garin da wagga ƙara. Tunda kai ne gwani, an ba ka kwana uku. In ƙara ta mutu, ka tahi gida. In ba ta mutu ba, wata uku kana ɗaukar marmara bisa hanya.”

Wata uku a wani lokacin wahala ce kawai. A wannan lokacin yunwa ce. Gajimare ya fara haɗuwa gabas, kowa ya gyara sungumi yana jiran ruwan shuka cikin kwanakin nan. Rumbun Illo ya kai ƙasa, Kaltume ko sunkuyawa ba ta iyawa, kuma ba shi da wani namiji a gida. In ruwan fari ya sauka yana kan hanya da kwandon marmara a ka, gonarsa ta kwana ke nan har baɗi, kuma gidan zai ci bara.

Ranar farko aka fito da motar fili. Illo ya kewaye ta sau uku daga nesa, ya yi mata sallama. Tukur ya murɗa ƙarfen gaba, ta yi tari ta tashi, sai ga gwanin a bayana ya ɓuya da ƙwaryar furata.

Na ce, “Fito, jarumi. Ba ta cin gajeru.”

Tukur ya yi ta ba ta wuta a tsaye, tana gurnani, ba caki ko kaɗan. Ya ce, “Ka ji, gyartai? Haka ta yi ma ɗan Dahome. Gaban likita ba ta ciwo.”

Illo ya leƙo ya ce, “Ai ba ta ɗauki kaya ba. A cika ta a ɗaga.”

“A ɗaga mota? Uwaka za ta ɗaga ta?”

“A aza mata nauyi ta hau tudu, soja. Kai ba ka taɓa ganin ƙwarya ba? A ajiye duk ƙwarya budurwa ce.”

Aka loda mata buhunan hatsin gwamnati, gardi biyu suka hau. Sai aka zo ga abin da Illo bai yi tunani ba: in motar za ta hau tudu, mai saurare sai ya bi ta. Bai taɓa shiga mota ba. Ya shiga ciki ya fito, ya ce a ciki ƙara daga ko'ina za ta zo masa, kamar mutum ya sa kai cikin tulu. Shi da bakinsa ya ce a kwantar da shi bisa matakin gefe, kunnensa wajen ƙasa. Aka kwance rawanin wani mai ƙara da ya zo biro da tasa matsalar, aka ɗaure Illo tamau kamar ragon da za a kai kasuwa. Ya kira Kaltume ya ce ta yafe masa. Ta ce sai ya dawo.

Akwai hawa a hanyar Doso inda ake fita daga kwari, daga bakin gari ana hango shi. Rabin kasuwa ya bi su can. Hawan farko bai ji komai ba sai salatin kansa, don mu da ke ƙasa ma shi muke ji, ba motar ba. Hawa na biyu ya mayar da furar da na ba shi kyauta. A na uku ya yi tsit, har Kaltume ta ce ya mutu ta fara kwance ɗankwali. Da suka sauko aka kwance shi, fuskarsa ja wur da ƙura, ya zauna ƙasa ya ce:

“Ba gaba ba ne, ba baya ba ne. Tsakiya, ƙarƙashin inda Nasara ke aza ƙahwa. Kuma ba ƙarhe mai kauri ba ne. Abu ne marar nauyi, leɓe biyu ke bugun juna.”

Rana ta biyu ya ce a gina rami a tura motar bisa, don ya shiga ƙarƙashi. Fursunoni suka gina. Da ya zo ya duba sai ya ja da baya, ya ce tsawonsa da faɗinsa da inda ya fuskanta duk na kabari ne, shi ba zai kwanta ciki da ransa ba. Sai da aka sake wani a karkace. Ɗantala gardi ya ce, “Ka dai ɓata ma mutane lokaci, marmara na jiranka.”

Ya shiga da basillarsa. Ni na matso da ƙwaryata don ciniki ya koma can. Muna jin sa daga ƙasa yana bi ƙarfe ƙarfe yana ƙwanƙwasawa da ƙotar basilla, yana magana da su kamar mai gaida surukai. “Kai lahiyarka lau. Kai ma. Ke tsohuwa ce amma ba ki da laihi.” Ya daɗe. Can sai muka ji wani sauti daban, ba ƙwal ba, wani ɓaf-ɓaf kamar an bugi tsohon faifai. Ya sake bugawa. Ya ce, “Yawwa, munahuka. Soja, sauko ka ga doguwarka.”

Abin da ya gano shi ne wannan. Bututun da hayaƙi ke bi ya wuce ta ƙarƙashin katakon da ake ɗora ƙafa, kuma yana yin zafi ƙwarai. Don kada katakon ya ƙone, an sa wani fallen kwano tsakaninsu, an kama shi da noti. Fallen nan ya tsage tun daga ramin noti, tsawon tafin hannu, tsagar ta cike da baƙin hayaƙi da jar ƙasa, ido ba ya ganinta. In mota na tsaye, leɓunan tsagar na haɗe. In aka ba ta wuta da kaya a hawa, injin ya yunƙura ya ja bututu, bututu ya girgiza kwano, tsaga ta buɗe, leɓe ya yi ta bugun leɓe. Shi kuwa ɗan Dahome, garin ɗaure noti da ƙarfin tuwo, ya ƙara mata tsawo.

Tukur ya fito daga ramin yana kaɗa kai. Ya ce, “Akuyata ta tahi banza.”

Na ce, “Ba banza ba, mun gode.”

Suka kwance fallen suka fito da shi. Illo ya gasa basilla ya danna, kwano ya yi masa dariya. Sai aka kira Sallau maƙeri ya zo da ƙusa mai tauri da guduma. Sallau na so ya ƙera sabo, amma babu kwanon da za a yanka a duk garin sai rufin biro. Illo ya nuna masa inda zai fara: can ƙarshen tsagar, huji ɗaya, don ta tsaya nan. Sa'annan gefe da gefe, kusa da kusa. Tukur ya kawo waya irin wadda ake ɗaure akwatunan gwamnati, Sallau ya gasa ta ta yi laushi. Illo ya zauna, ya matse fallen tsakanin gwamammun ƙafafunsa, ya ɗinke shi tsaf, yana ja da haƙori. Na rantse ɗinkin ya yi kyau, ko ƙwaryar amarya albarka. Ya ƙwanƙwasa, ta ce ƙwal.

Da a nan ya tsaya, da labarin ya ƙare da mutunci. Sai ya buɗe jaka ya ciro auduga da ƙaro.

Tukur ya ce, “Mi ne kuma na auduga?”

“Liƙi.”

“Nono za ka zuba ciki?”

“Soja, kai ka san mota, ni na san tsaga. Ubana bai taɓa ba da ɗinki ba liƙi ba, ni ma ba ni farawa yau. Ɗinki ba liƙi aikin rago ne.”

Ya cusa auduga cikin kowane huji, ya ƙara da yawa don aikin gwamnati ne, ya shafe da ƙaro har yana sheƙi. Aka mayar da fallen bisa bututun. Dukanmu muna tsaye, har Sallau da ke kwana da wuta yana tashi da wuta, ba wanda ya tuna da zafin bututun. Mun saba ganin ɗinki da liƙi, ido bai ga laifi ba.

Rana ta uku da hantsi Mai Lofe ya ce shi da kansa zai gwada. Ya zauna gaba kusa da Tukur, da gajeren wandonsa da doguwar safa. Mahmuda tafinta da Illo na baya bisa buhuna. Abin da ya faru a tudun daga nesa na hango, sauran na ji daga bakin Tukur da na Illo, kowanne da irin ƙaryarsa, na tace na ɗauki inda suka haɗu.

Suka kama hawa, Tukur ya ba ta wuta. Shiru. Ya ƙara. Shiru, sai gurnanin inji. Nasara ya karkata kai yana nema, bai samu ba. Har ya fara murmushi, abin da ba a taɓa gani ba. Sai wari ya taso. Hayaƙi fari ya fara fitowa ta tsakanin katako, daidai tsakanin ƙafafunsa. Ya ciro lofe ya duba, ya ƙwanƙwashe tokar ta taga. Hayaƙi ya ƙaru. Ya dubi ƙasa, ya tuna abin da ke cikin tankin mota, bai jira an tsaya ba ya buɗe ƙofa ya yi tsalle.

Gefen hanyar nan ƙarangiya ce busasshiya ta bara, ba wanda ya taɓa ta. A cikinta ya sauka, ya mirgina sau biyu. Mu da ke ƙasa muka ga farin abu ya faɗa ciyawa ya tashi baƙi-baƙi yana rawa. Wata tsohuwa kusa da ni ta ce, “To, doguwar ta bar mota ta koma ga mai ita.”

Tukur ya tsaya, ya fara watsa yashi. Illo kuwa, matsoracin nan da ke gudun ɗan kwikwiyo, shi ya shige ƙarƙashin motar da basilla, ya yi ta tono audugar da ke ci, ƙaro na narkewa yana ɗiga masa a yatsu. Ba jarumta ba ce, ya gaya mini daga baya. Gonarsa yake gani tana cin wuta.

Ya fito yana yarfa hannu. Mai Lofe na tsaye yana cire ƙarangiya daga inda ba a faɗi, fuskarsa kamar gauta ja. Ya yi ihu, Mahmuda ya juya a hankali: “Ya ce wata shida.”

Illo ya ce, “Hwaɗa mishi ƙara anka ce in kashe, kuma ta mutu. Ba a yi maganar hayaƙi da ni ba.”

Mahmuda ya dube shi, ya dubi Nasara, ya yi dogon Faransanci. Shekaru bayan haka ya gaya mana abin da ya faɗa. Cewa ya yi gyartai na ba da haƙuri, ya manta bai yi gargaɗi ba: irin wannan ɗinki sai an gasa shi sau ɗaya kamar sabuwar tukunya kafin ya kama, yanzu ya gasu, ba zai sake ba. Allah ya ji ƙan Mahmuda. Mutane da yawa a Arewa sun kwana gidajensu saboda abin da bai fassara ba.

Nasara ya ce a sake hawa, amma shi yana ƙasa. In ya ji ƙara ko ya ga hayaƙi, wata shida. Tukur ya gangara ya hawo, ya ba ta wuta har tana kuka. Ba caki, ba hayaƙi. Ya sake. Haka. A na uku Mai Lofe ya shiga da kansa, ƙafafunsa a ɗage, suka dawo gari shiru kamar ɓarayi. Ranar ce ta farko da motar ta iso bakin kasuwa ba wanda ya ji zuwanta, har ta kusa take jakin Illo.

A baranda, bayan an shafa masa magani, kumandan ya huce har ya wuce misali. Ya sa aka kira Illo. Mahmuda ya juya, muryarsa ta yi ƙasa don ya san abin da yake faɗa: “Kumandan ya ce ba ka zuwa hanya. Ya ce kunnenka dukiyar gwamnati ce. Akwai kamyo biyu a Doso da wasu a Yamai masu ƙara iri-iri. Gobe za ka bi shi, ka yi wata biyu ko uku kana saurare. Za a ba ka riga da hula.”

Kaltume ta dafa cikinta. Ni na dubi gabas, hadari ya yi baƙi kamar gindin tukunya. An fid da shi daga marmara an sa shi cikin riga, amma gonar dai ita ce za ta kwana.

Illo ya tsaya yana kallon bakin Mahmuda. Ya sa yatsa a kunne ya girgiza. Ya ce, “Na'am?”

Mahmuda ya maimaita.

“Iye? Malam Mahmuda, bakinka na motsi, ba ni jin komi. Tun da anka ɗaure ni ga motar nan kunnena ke ƙugi, yanzu kuma ya rufe ruf.”

Ɗantala gardi ya ce ƙarya ne. Ya zagaya bayansa ya tafa hannu, Illo bai motsa ba. Ya jefar da tasa bisa siminti, ko ƙiftawa. Nasara ya ce a nemo danginsa. Aka nuna ni. Mahmuda ya ce in yi masa magana ta baya, irin wadda na san ba zai iya haɗiyewa ba.

Na aje ludayi na je na tsaya bayan ƙeyarsa. Na fara da ƙafafunsa. Na bi ta tsawonsa. Na tono ranar da ɗan maraƙi ya kore shi ya hau rumbu, da ranar da ya je zance ya gaida uwar budurwa da sunan jakinsa. Na ce ɗinkinsa na rago ne, ƙwaryar da ya ɗinke mini bara tana yoyo, wanda ƙarya ce, kuma na san ita ta fi yi masa ciwo. Gardawa na riƙe ciki. Na ga bayan kunnuwan nan sun yi ja, suna rawa kamar na jaki da ƙuda ya dama. Bai juyo ba.

Na ce wa Mahmuda, “Hwaɗa ma Nasara wanga ya kurmance. Da shina ji, da yanzu mun kai ga kakanni.”

Mai Lofe ya ɗaga kafaɗa, ya ce abin tausayi ne, ya ba shi gwangwanin taba wanda ba komai ciki, ya sallame shi.

Kwana biyu bayan haka ruwa ya sauka, mai yawa, har kwari ya kawo. Da gari ya waye Illo na gona, yatsunsa uku naɗe da tsumma, yana sara da sungumi, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige, tunda Kaltume ba ta iyawa kuma wani ya zama dole ya gaya masa layinsa a karkace yake. Muka gama shuka cikin kwana huɗu. Kaltume ta sauka kafin noman fari, ɗiya mace, da kunnuwan ubanta, Allah sarki.

Kurumtar kuwa sai da ya riƙe ta shekara goma sha biyar, don Mai Lofe ya tafi amma takarda ba ta tafi ba, kuma kowane sabon kumandan sai an ba shi labarin gyartan da ya ɗinke mota. Duk mai hular kwano ko jan dara da ya yi masa magana, “Na'am?” zai samu. A kasuwa sai ya kara ƙwarya a kunne ya yi kamar da yatsa yake ji. Garin duka ya sani, ba wanda ya tona, har Ɗantala, don matarsa ma tana da ƙore. Da aka sauke tutar Faransa kunnen ya buɗe rana ɗaya, sai dai wajen Kaltume, wadda in ta ce itace ya ƙare, ciwon kan taso masa har ya tsufa.

Hatsin shekarar nan ya yi kyau. Ya cika rumbu ya kafa wani ƙarami a gefe, ya aiko mini da dami uku. Na kwance na duba, biyu daga na bakin gona ne da tsuntsaye suka fara ci.